Layin Gaba a Ajin Zana

Yarinyar ita ce ta fari a wurina, kuma sunan uwar mijina aka sa mata, don haka ta hanya biyu sunanta ya fi ƙarfin bakina. Ubanta yana ce mata Uwata, kakarta tana ce mata Takwara, ni kuwa "ke" nake cewa, ko in aiki wani ya kira mini waccan. Ita ma ba ta taɓa ce mini Inna ba. Inna kakarta ce, a ɗakinta aka yaye ta, a bayanta ta yi wayo. Ni Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannen mijina suna faɗa. A Gure ba wanda zai ga haka ya tsaya kallo. Uwa ba ta wasa da ɗan fari a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an doke shi ba ta shiga. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata.

Sai dai kara ba ta hana mutum mafarki. Tun ina budurwa nake karanta littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano ta Damagaram, waɗanda ke yawo gida gida har bangonsu ya cire. A lakwal, makarantar boko, Faransanci aka koya mana. Hausar boko a cikin waɗannan littattafai na koya wa kaina ita, ina haɗa baƙi ina tuntuɓe har hanya ta buɗe. A cikinsu yarinya kullum tana da dara-daran idanu, kullum ita ce ta ɗaya a aji, kuma kafin littafin ya ƙare za ta fito daga mota da farar rigar likita, uwarta tana kuka a bakin ƙofa. Lokacin da nake da cikinta, da wannan hoton nake kwana. Da ta zo, ta zo da idanun. Na riƙa satar kallonsu in ba kowa a tsakar gida, ina cewa a raina saura farar riga.

Lakwal ɗin unguwarmu ɗakin siminti biyu gare ta da biro, wato ofishin direkta shugaban makarantar, sauran azuzuwan na zana ne. Sai an gama girbi an samu kara ake kafa su, yara su zauna a kan rairayi layi layi, kowa da ardwaz ɗinsa, ɗan baƙin allon nan da ake rubutu da alli. Yadda ake karatun bai canja ba tun zamaninmu. Madam, malamar aji, za ta faɗi baƙi ko kalma, ta buga sanda a tabur, kowa ya duƙa ya rubuta. Ta sake bugawa, kowa ya ɗaga ardwaz sama da kansa, ita kuma ta bi da ido. Ni a nawa zamanin ba abin da nake so kamar bugu na biyu. Hannuna ne ke riga na kowa tashi.

Ita a gida ba ta mantuwa. Waƙa in ta ji sau ɗaya a gidan biki ta riƙe. Ta san akuyar kowa a unguwa da 'ya'yanta. In Inna ta aike ta kasuwa da saƙo iri iri, ba ta dawowa da ɗaya a zube. Amma baƙi ba ya zama a kanta. Ina duba ardwaz ɗinta in ta ajiye ta tafi wasa, in ga baƙaƙen sun juya baya, wasu sun kifa, wasu kuma ba baƙaƙe ba ne ma, 'yan lanƙwashe-lanƙwashe ne kamar sawun buzuzu a kan tudu. Ta maimaita ajin farko. Aka tura ta na biyu, ta maimaita shi ma. Ranar da ake faɗin sakamako, yara sukan rako na ƙarshe har gida da tafi, kuma ƙofarmu suka saba rakowa. Ina ɗaki ina jin su. Inna ce ke fita da muciya ta kore su.

Daga nan ciwon ciki ya fara. Kullum da safe, in an ce ta ɗauki jaka, sai ta durƙusa a bayan randa tana riƙe da cibiya. Ranar da babu lakwal lafiyarta ƙalau. Inna ta karɓo rubutu, ta karɓo hayaki. Malamin ya ce kan a rufe yake, zai buɗe da izinin Allah, a dai yawaita sadaka. Ubanta dabbobi yake saye a kasuwannin Bune da Alakos yana korawa kudu, ba ya daɗewa a gida. Da na ɗan taɓo masa maganar, a kaikaice, kamar 'yar maƙwabta nake nufi, sai ya yi dariya.

"Uwata ba ta boko ba ce," ya ce. "A bar mini uwata ta huta. Ni da ban yi ba na mutu?"

A shekarar ne aka turo wata ungozoma daga Tawa zuwa asibitin garin, ta kama hayar ɗaki a gidan da ke manne da namu. Littafi ne ya haɗa mu. Ta ga ɗaya a hannuna ta katanga, ta ce in na gama in miƙo. Wata la'asar ta shigo mayar mini da shi, ta tarar da yarinyar tana goge ardwaz da bakin zane da sauri don kar a gani. Ta zauna kusa da ita a ƙasa. Ta ba ta labari ta ce ta maimaita, ta maimaita har da abin da ni na manta. Ta zana mata baƙi babba a rairayi ta ce ta bi da yatsa, ta bi. Ta share ta ce ta yi da kanta, sai yatsan ya tsaya a sama.

Bayan yarinyar ta fita, ungozoma ta ce mini, "Ni ciki na sani da haihuwa, wannan ba fannina ba ne. Amma ba daƙiƙiya ba ce, kuma ba iska ba ne. Akwai yaran da Allah ya yi kansu haka, komai yana shiga ban da rubutu. Masu sanin abin sosai suna Yamai, in ma akwai su."

Na ce to mene ne magani.

"Ban san magani ba. Na dai san abin da zai rage. A sa ta a layin gaba. A riƙa yi mata baƙi manya, kaɗan kaɗan. A tambaye ta da baki, tun da bakin yana aiki. A daina dukanta. Ki je ki gaya wa direkta."

"Ni?"

"To wa? Ni na haife ta?"

Na ce mata ta fari ce. Ta dube ni ta girgiza kai. "Mu ma a Adar muna kara, 'yar'uwa. Amma karar taki wa za ta koya wa karatu?"

Duk da haka Inna na fara turawa, don ita ce mai yarinya. Na jera mata abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, ta ce ta ji. Ta sa mayafinta na zuwa suna, ta tafi, ta dawo fuskarta a sake.

"Me ya ce, Inna?"

"Mutumin kirki. Ya ba ni kujera. Har ƙafata ya tambaya."

"Maganar layin gaba fa?"

"Na ce masa ga amana nan, Allah ya taya shi riƙo. Ya ce amin. Me kuma kike so in ce wa babban mutum a wurin aikinsa?"

Na kwana biyu ina juya abin. A littafi, in aka zo irin wannan wuri, uwa takan miƙe ne idanunta sun kaɗa sun yi ja, ta faɗi magana ɗaya kowa ya sunkuyar da kai. Na shirya irin wannan magana a raina, na gyara ta ina daka, na sake gyara ta ina wanki. Ranar da zan tafi na ce wa Inna asibiti za ni.

Direktan mutumin yamma ne, daga can bakin kogi, dogo, Hausarsa tana da ɗan karkata. Biro ɗinsa ɗaki ne ƙarami, rairayi ya shigo ta taga ya kwanta a kan tabur da takardu. Na gaishe shi, na ce na zo ne a kan wata yarinya a aji na biyu. Maganar da na shirya duk ta gudu.

"Wace yarinya, Hajiya? Suna da yawa."

"Jikar tsohuwar da ta zo rannan."

"Tsofaffi ma suna da yawa. Sunanta?"

Ya jira. Da na ga ba mafita, sai na miƙa yatsa na rubuta sunan a rairayin da ke kan taburinsa, na janye hannuna cikin mayafi. Ya leƙa ya karanta, ya yi dariya har da buga cinya.

"Ku Damagarawa sai Allah. Kin iya rubutawa, ba ki iya faɗa. To ai gara ke, ita ko rubutawar ba ta iya ba."

Da ya ga ban yi dariya ba sai ya gyara zama. Ya ce ya san ta. Ya ce a ƙa'ida wanda ya maimaita har sau biyu, in bai ci ba a ƙarshen shekara, sai a sallame shi. Na faɗa masa abin da ungozoma ta ce. Ya saurara da gaske, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Sa'an nan ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa ya nuna mini ajin da hannu. Ta bakin rumfar ina hango kawuna cunkus, na baya har sun fito rana.

"Kin ga wannan? Mace ɗaya ce a kansu. Ba a koya mata irin abin da kike faɗa ba, ni ma ba a koya mini ba. Amma zan yi mata magana."

Na koma, na sake komawa. Asibiti dai nake ce wa Inna, har ta fara tambaya ko wani cikin ne. Wata rana a ce ya tafi taro, wata rana ya hango ni ya ɗaga hannu daga nesa ya ce an ji, an ji. Can wata safiya ya tare ni da fara'a tun daga bakin shinge.

"Hajiya, an samu mafita. Ba za a kore ta ba, ba kuma mai sake taɓa ta. Madam ta nemo mata abin da za ta iya. Ki je ki kwantar da hankalinki."

Ban tambaye shi mene ne abin ba. Godiya na yi ta yi har na kusa durƙusawa.

Kuma gida ya ga canji. Ciwon ciki ya ɗauke kamar an cire ƙaya. Ita ke riga kowa tashi, ta yi wanka ba a ce mata ba, ta sha kunu a tsaye ta fita da gudu. Ta dawo tana waƙa. Kumatunta suka ciko. Inna ta ce rubutun malam ne ya fara aiki, ni kuma na san tafiyata ce, na yi shiru da abina ina jin daɗi. Ardwaz ɗin kullum a goge yake tas, na ce a raina ai yanzu da baki ake tambayarta. A 'yan makonnin nan na koma mafarkina na da. Ina tankaɗe ina ganin motar, ina ganin farar rigar. Har na zaɓi kalar mayafin da zan sa a bakin ƙofa.

Ranar da na gani, da gaske asibiti za ni, zan kai ƙaninta allurar rigakafi. Na yanke ta bayan lakwal don rana ta fara zafi. Ina tafe ina jin bugun sandar Madam daga cikin rumfa, da ƙarar nan ta alluna in sun tashi tare. A gindin bishiyar dogon yaro da ke bayan ajin na hango wata yarinya da goyo, tana jijjiga, tana 'yar waƙa ƙasa ƙasa. Ta ɗaga ardwaz da hannu ɗaya ta bayan kafaɗarta, ta kare kan jaririn daga ranar da ke ratsowa ta ganye. Tun kafin ta juyo na gane ta da yadda take karkatar da wuya.

Da ta gan ni ba ta tsorata ba. Murmushi ta yi, ta juya mini baya don in ga yaron da kyau.

"Yaya, kin gan shi? Na Madam ne. Ba ya yarda da kowa sai ni."

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ranar da cikinta ya warke.

Ban san lokacin da na isa bakin rumfar ba. Madam ta fito da sanda a hannu, alli ya yi mata fari har gwiwar hannu. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai ni ba, 'yar Maraɗi, mijinta yana aiki a Diffa. Idanunta sun faɗa.

"Lafiya? Maman wa?"

Na nuna gindin bishiya da haɓa.

"Au, ke ce uwar? Na zaci tsohuwar nan ce." Ta share hannu a zane. "To ai kin gani. Mai yi mini raino iyayenta sun zo sun ɗauke ta. Direkta ya ce a nema wa wannan abin da za ta iya, ga shi na nema. Tun da ta fara ko yatsa ban ɗaga mata ba."

"Raino na kawo ta koya? Muna da jarirai a gida."

"Tana jin karatun daga nan. Zana ce, ba bango ba. Kullum ina kiran sunanta da safe, tana amsawa."

"Daga waje."

"Daga waje, tana dariya. A ciki kuwa kuka take yi." Ta juya ta buga sanda a jikin ginshiƙi don yaran sun fara surutu, ta dawo kaina. "Ki leƙa ki gan su, Maman. In na tsaya a kanta ita kaɗai, sauran fa? Su ba uwaye gare su ba? Ni ban ce 'yarki ba ta da hankali ba. Ta fi su duka hankali. Da ba ta da shi, zan ba ta ɗana?"

Muryoyinmu suka jawo direkta daga biro. Matan da ke sayar da awara da ɗanwake a bakin shinge suka bar tukwanensu suka matso, cikinsu har da wata maƙwabciyarmu. Direkta yana ta cewa a shiga ciki a yi magana, a shiga ciki. Ni kuwa yarinyar nake kallo. Ta koma jijjigarta, ta ɗauka maganar manya ce ba ta shafe ta ba.

Sai na kira ta da sunanta. Sunan gaba ɗaya, da ƙarfi, a tsakiyar fili. Na ce ta sauke yaron nan.

Ba ta dube ni ba da farko. Waige-waige ta yi, ta dubi Madam, ta dubi masu awara, tana neman wanda ya kira. Ba ta taɓa jin sunan da muryata ba. Da ta gane, murmushin ya tafi. Ta sunkuya ta kwance majanyi a hankali, ta zamo da yaron ta gefe yadda manyan mata ke yi, ta miƙa wa uwarsa. Ya fasa kuka yana miƙo wa yarinyar hannu.

Na ce wa direkta layin gaba na roƙa, layin gaba nake so, in kuma ba zai yiwu ba zan tafi wurin ansifekta mai duba makarantu da ƙafata. Ban san ko ƙofar wurin ba a lokacin. Ya dubi matan da ke bakin shinge, ya dubi Madam, ya ce shi ke nan, a matsa mata wuri. Aka tura wani yaro baya, ta shiga ta zauna a gaban tabur, ardwaz a kan cinya.

Labari ya riga ni gida. Na tarar da Inna a kan tabarma tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Sannu da asibiti," ta ce. "Na ji an ce ana kirana a lakwal. Har na ce bari in nemo mayafi."

Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, zamani ne. Da yamma sai ta naɗe tabarmar yarinyar da 'yan tsummokinta ta ajiye a ƙofar ɗakina. Ta ce tun da uwarta ta fito, ita ta huta. Ubanta ya kira a waya daga kasuwa, ana ta kukan raguna a bayansa, ya tambaye ni ko na ga na kyauta. Na ce masa karatu nake nema mata. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya kashe. A unguwa aka daɗe ana yi da ni. In na wuce wurin famfo sai wata ta kira 'yarta ta fari da "ke" da ƙarfi, sauran su ƙunshe dariya.

Madam ta cika abin da aka ce, ba ta ƙara ba. Ba ta doke ta ba. Kwanakin farko har tana zana mata baƙi babba a gefen tablo, babban allon aji, ta tambaye ta da baki sau ɗaya ko biyu, da yaron a bayanta yana tsala kuka tana jijjiga shi tana koyarwa. Daga baya abin ya bi ruwa. Wata yarinya daga layin baya ta karɓi goyon, tawa kuma tana hango su ta ƙofofin zana.

Abin da ni da ungozoma ba mu lissafa ba shi ne, a baya tana da wurin ɓuya. In alluna suka tashi, nata yana nutsewa a bayan na wasu. A gaba babu kowa tsakaninta da idon Madam, kuma duk wanda ke bayanta yana ganin inda idon ya tsaya. Na koma na roƙa a bar ta kar ta riƙa ɗagawa. Madam ta ce to. Sai ya zama in an buga sanda hannun kowa yana sama, ita kaɗai nata yana ƙasa, a gaban aji, kamar wurin da haƙori ya fita. Ita da kanta ta koma ɗagawa.

Ciwon ciki ya dawo, har da amai wani lokaci. Yanzu a ɗakina take kwana, don haka ni ke tashinta, ni ke tsayawa a kanta har ta ɗauki jaka, ni ke raka ta bakin shinge in tsaya sai ta shiga. Ba ta taɓa yi mini musu ba. Magana ce dai ta rage. In na ce ke, ta ce na'am, shi ke nan.

Da la'asar muna zama da ita a tsakar gida, tun da karar ta riga ta fashe, wani lokaci da ungozoma in ba ta wurin aiki. Mu share rairayi mu zana. Ta kama baƙi yau, gobe da safe ya tafi, mu sake. Zuwa bazara akwai 'yan kaɗan da suka zauna, ciki har da baƙin farko na sunanta, wanda yawanci yake fuskantar inda ya kamata. Na riƙe wannan da hannu biyu. Ina ce wa kaina wanda ya iya kaɗan zai iya da yawa, lokaci kawai ake so, a ba mu shekara ɗaya a wannan layin.

Iskar farkon damina ta kwashe rumfunan tun kafin a gama shekara, aka sallami ƙananan azuzuwa. Cikin hutu muka ji an canja wa direkta wuri. Madam ma ta samu komawa kusa da mijinta. Ranar da za ta tafi, yarinyar ta ɓace tun safe, sai a tasha aka same ta, ta riƙe yaron har aka gama ɗaura kaya.

Da aka koma bayan girbi, na sa ta ta yi wanka, na ɗauki jakarta da kaina muka tafi. Sabon direktan ɗan gari ne, ya san mijina, ya san Inna. Ya tashi ya ba ni kujera, ya tambayi mutanen gida ɗaya ɗaya. Bai tambaye ni sunanta ba, ya san kara. Ya ce ya duba, ta maimaita sau biyu, ba ta ci ba, shekarunta kuma sun wuce na ajin. Na ce wanda ya tafi ya yi alkawari ba za a kore ta ba.

"Alkawarin baki ne, Hajiya. Ya tafi da bakinsa."

Na sake jera masa abin da ungozoma ta ce. Na ce ta fara kamawa, in yana so ta zana masa a ƙasa yanzu. Ya ce ba sai ta zana ba, ya yarda. Ya ce ƙananan da suka zo bana ko wurin zama babu, wasu an mayar da su gida sai baɗi. Ya ce a Damagaram akwai wurin makafi, akwai na kurame, amma ita tana gani tana ji, alhamdu lillahi. In ta ƙara girma a sa ta ɗinki.

A wannan karon na nemi ƙofar ansifekta na same ta. Aka ce ya fita rangadi. Na koma, wani mai hula a bakin tabur ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin tausayi ne, amma maganar tana hannun direkta. Na koma wurin direkta da yarinyar a bayana, ya ce maganar tana hannun ƙa'ida, ya rako mu har bakin shinge yana a gaida Inna.

Muka kamo hanyar gida cikin rairayi, ni a gaba, ita a baya. Ina jin bugun sanda yana raguwa a bayanmu. Idona ya cika, na ja mayafi na rufe gefen fuskata don kar masu wucewa su gani. Mun kusa kwanar gidanmu sai na ji ta matso har kafaɗarta tana taɓa hannuna.

"Yaya."

"Na'am."

"Gobe ba zan je ba?"

"Ba za ki je ba."

Ta yi 'yan taku tana tunani.

"Jibi fa?"

"Har jibi."

Ta saki ajiyar zuciya. Sa'an nan ta wuce ni da gudu, tana tsalle a kan tudun ƙofar gida, tana kiran Inna tun daga zaure don ta ba ta labari.